Azumin da Abba Ya Zo Jinyar Ƙafa

Azumin bana cikin sanyi ya zo mana. Da asuba sai ka ɗora riga a kan riga kafin ka fita masallaci, da la'asar kuma iska na kaɗowa daga teku, har mutum ya manta rabonsa da ruwa tun sahur. Amma shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar da samarin ɗakinmu, sababbin zuwa, sun baje a katifu suna wash-wash, wai ƙishirwa za ta kashe su. Na ce kai, ku ji tsoron Allah! Wannan azumi ne ko hutu? Suka kwashe da dariya, wai Ɗanlami zai fara labarin zamanin da. Ban fara ba. Na dai zauna a bakin ƙofa ina jiran magariba, sai ga wani azumin ya dawo mini tiryan-tiryan, wanda muka yi a tsakiyar zafi shekarun baya, shekarar da Abba ya zo Doha jinyar ƙafa.

A wannan gidan na unguwar Bin Omran muke, tsohon gida da aka yayyanka da katako aka yi ɗakuna. Mu shida ne a namu, duk 'yan Arewa: masu gadi huɗu, Garba mai aiki a kicin ɗin wani otal, sai ni direba. Zafin wannan shekarar ba na rana kaɗai ba ne. Iskar ce ta jiƙe ta yi nauyi, ka fito daga mota tabarau ya rufe da tururi, ka ja numfashi ka ji kamar ka sa fuska a bakin tukunyar tuwo. Tankin ruwanmu a kan rufi yake, saboda haka daga hantsi famfo ba ya taɓuwa, ruwan zai iya saɓule maka fata. Sai mu tara a bokitai tun kafin mu kwanta, mu jera a lungu ya huce, kowa da nasa. Wanda ya taɓa na wani kuwa, ranar akwai shari'a. Na'urar sanyaya ɗakin ta tsufa, tana gurnani tana ɗigar ruwa, sanyinta bai wuce gadon da ke ƙarƙashinta ba. Wannan gadon muka bar wa Baffa Ilu.

Baffa Ilu shi ne babbanmu, mutumin Zariya, gemu fari fat. Gadi yake a ƙofar wani wurin ajiye motoci daga safe zuwa yamma. Akwai 'yar rumfa, amma ta ƙarfe ce, gara ma tsayuwa a waje. In ya dawo, rigar aikinsa ta yi zanen gishiri a baya da hammata, leɓensa ya tsage, muryarsa ba ta fita sai ya sha ruwa. Da wannan tsayuwar yake riƙe da gida guda a Zariya: iyalinsa, da marayun ƙanwarsa, da tsohuwarsu da ta daina gani. Ba mu taɓa jin ya ce wayyo ba. Iyakar abin da zai ce in ya cire takalmi shi ne, "Yau ma an rage."

Tsarinmu na azumi ba ya canzawa. Garba ke tashin mu sahur, shinkafa da wake da mai da yaji, a kora da madara mai tsami, sannan a yi ta ɗura ruwa har ciki ya riƙa ƙugi in ka motsa. Ruwan banza, kafin hantsi ya fita ta gumi. Ran Juma'a ni ke zuwa kasuwar Abu Hamour dab da tashi, lokacin da ake karya farashin kankana da tumatir ɗin da ya fara laushi. Da la'asar sakaliya kowa ya kama nasa. Wani ya surfa wake, wani ya markaɗa, Garba ya tsuguna a lungu gaban risho yana suyar ƙosai, gumi na bin haɓarsa, yana zagin duk wanda ya zo wucewa. Gero kuwa na gida ne, wani ya taho mana da shi a jaka, ga shi ya kusa ƙarewa, don haka Garba ke ɓoye shi a akwatinsa yana auna mana kamar zinare. Akwai tantuna a unguwa da ake raba shinkafar Larabawa da nama, muna karɓowa, Allah ya saka musu. Amma mu in babu kunun tsamiya ba a sha ruwa ba. Baffa shi ke shimfiɗa tabarma, ya jera dabino, ya ajiye faranti ɗaya a tsakiya.

Ana saura kwana kaɗan a ga wata ya kira ni gefe. Ya ce, "Ɗanlami, kai ne mai Turanci, kai ne mai mota. Ɗan ƙanena zai zo daga Ingila. Ina so ka zama bakina da kunnena."

A nan na ji labarin. Ƙanensa Musa ya tafi karatu Ingila tun suna samari, ya auri Baturiya, ya haifi ɗa ɗaya, ya rasu yaron bai shiga makaranta ba. Can aka binne shi. Baffa bai ga kabarin ba, bai kuma taɓa ganin yaron ba sai a hoto. Sunan yaron Idrisu, sunan mahaifin su Baffa ke nan, shi ya sa bakinsa ba ya iya faɗa, sai dai ya ce Abba. Mu ma duk muka bi shi da Abba.

Yaron ɗan tsere ne, gudun mita ɗari, irin wanda kafin ka gyara zama an gama. Ya cinye sa'o'insa a makaranta, ya cinye na matasa, har ya fara shiga cikin manya ana faɗar sunansa a talabijin. Bayan Sallah akwai tseren da za a zaɓi waɗanda za su yi wa ƙasarsu gudu, kowa na cewa yana ciki. Sai tsokar bayan cinyarsa ta yage. Aka turo shi wani asibitin 'yan wasa da ke nan Doha, shi da kocinsa, wani Bature dattijo da ya rene shi tun yana yaro. Duk abin da ya tara tun ƙuruciya yana kan wannan tseren na bayan Sallah.

Ranar da na kai Baffa otal ɗin, da safe ne. Yaron ya sauko yana ɗan ɗingishi, dogo, wankan tarwaɗa, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba. Ya rusuna wani iri kamar wanda ya koya a madubi, ya ce, "Ina wuni, Baffa." Ba wanda ya gyara masa. Baffa ya ɗago shi, ya shafa fuskarsa, ya kama kunnensa ya juya. Ya ce, "Kunnen Musa ne. Wallahi kunnen Musa ne." Sai hawaye. Na tsaya ina jiran abin fassarawa, babu. Hausar Abba ba ta wuce gaisuwa da na gode ba, Turancin Baffa kuma bai wuce na buɗe ƙofa da rufe ƙofa ba. Duk maganar da ta shiga tsakaninsu a wannan watan ta bakina ta bi.

Tun daga ranar ni ke kai shi asibiti in dawo da shi. Ba ya azumi, likitocinsa sun hana, Baffa kuma ya ce matafiyi ne ga ciwo, Allah ma ya ɗauke masa. Amma ya ce yana so ya zo ya ga shan ruwanmu. Garba ya ji haka ya buɗe akwati ya ƙara gero, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Aka kira salla, muka yi bismilla, Baffa ya cika kofinsa na kansa da kunu ya miƙa masa. Sai Abba ya ɗora hannu a ƙirji ya girgiza kai, ya zaro gorar ruwa da ayaba daga jakarsa.



Ya yi bayani, na fassara. Ya ce su 'yan tsere akwai masu zuwa gwada jininsu da fitsarinsu ba sanarwa, ko'ina suke a duniya. Duk abin da aka samu a jikinka kai ne da alhaki, ba a jin ban sani ba. Saboda haka ba ya cin abin da ba a kicin ɗinsu aka dafa ba, ba ya shan gorar da ba shi ya buɗe ba.

Garba ya ce, "To ka tambaye shi, guba muke ci?"

Ban tambaya ba. Baffa ya janye kofin a hankali ya ce, "Ka ce masa ba komai." Amma dabino ɗaya ya ci ya tashi, wai zai yi alwala, alhali da alwalarsa ya zauna.

A mota Abba ya ce, "Na ɓata masa rai, ko?" Na so in ce a'a, amma ina ɗauke da azumi duk yini, bakina bai iya ba. Na ce a wurinmu wanda ya ƙi abincinka kai ya ƙi. Ya ci gaba da zuwa, ya ci gaba da zama da ayabarsa a gefen tabarma, su Garba suna kiran sa Baturen Zariya. Baffa kullum sai ya zuba kofi ɗaya ya ajiye a gabansa, kullum sai ya huce a nan, daga baya wani ya shanye.

Wajen goma ta tsakiya, ranar hutun Abba, na je ɗaukar sa na ga leɓensa ya bushe. Ya ce yau azumi yake, kocinsa bai sani ba. Ya ce mahaifiyarsa ta taɓa gaya masa ubansa ba ya wasa da azumi ko a can, yana so ya ji abin da ubansa ya ji. Na ce to ka zaɓi rana, ubanka bai taɓa jin irin wannan ba. Ranar ko tsuntsu babu a sama. Ya shiga lungu wajen Garba ya ce sai an ba shi aiki, aka ba shi surfen wake, ya watsar da rabi a ƙasa. Kafin magariba ya jingina da bango idonsa ya faɗa, yana kallon kankana kamar bai taɓa ganin ta ba. Muka yi ta tsokanar sa: ina gudun? Da aka kira salla ya ci dabino, ya kai hannu da kansa ya ɗauki kofin nan ya kafa kai. Ya sauke ya ce, "Daɗi." Ɗakin ya ɗauki sowa, Garba har da rawa da ludayi. Ya sa hannu a faranti tare da mu. Ban taɓa ganin haƙoran Baffa a waje irin na ranar ba.

Bayan mun dawo daga salla ne Baffa ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado ya fito da wani ƙulli a leda, garin magani ja-ja mai ƙamshin sassaƙe. Duk ɗakin mun san shi. Wani mai magani ne a garinsu ke haɗa masa, duk mai zuwa daga gida ya taho masa da shi. Shi yake sha a kunu ya iya wannan tsayuwar, ni ma na sha don ciwon baya, na kuma ji daɗinsa.

Ya ce, "Ka gaya masa na ga yana ɗingishi. Turawa sun yi nasu, bari mu ma mu yi namu."

Abba ya ce me ke ciki? Baffa ya ce itatuwa ne, saiwa da ɓawo, ya lissafo sunayensu. Na fassara yadda na ji, kuma yadda na sani. Baffa ya ɗiba da cokali ya zuba a ragowar kunu, ya yi addu'a ya tofa, ya riƙe kofin da hannu biyu. Ya ce, "Da irinsa ubanmu ya yi wa ubanka magani lokacin da ya faɗo daga mangwaro. Ni na riƙe masa kofin."

Abba ya kalli kofin, ya kalli hannun da ke riƙe da shi. Ya daɗe. Sannan ya karɓa ya sha.

Ya sha ranar, ya sha kwanakin da suka biyo. Ƙafa kuwa ta yi sauƙi, ko aikin asibiti ne ko na ƙullin, Allah masani. Baffa ya riƙa cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wata safiya na jira shi a ƙofar otal ya daɗe bai fito ba, da ya fito ya ce masu gwajin ne suka zo. Yana dariya ya faɗa, ya ce sun saba, ko a gidan mahaifiyarsa suna buga masa ƙofa.

Goman ƙarshe ta shigo da zafin da ya fi na baya. Gero ya ƙare, muka koma kunun shinkafa, Garba na dama shi yana tsaki. Ɗaya daga cikin masu gadinmu ya faɗi a bakin aiki aka ƙara masa ruwa. Amma a kwanakin ne na ga Abba ya yi gudu na gaske, a filin cikin gida mai sanyi da ke jikin asibitin. Ina tsaye a bakin ƙofa da makullin mota. Ya durƙusa, koci ya tafa hannu, sai na ji ƙasa na amsawa, tas-tas-tas, iska ta bugi fuskata, ya wuce. Wallahi gashin jikina sai da ya tashi. Kocin nan da ba ya dariya ya cire hula ya buga a cinya. Na koma gida na ba Baffa labari, ya sa na maimaita masa sau uku.

Ana wata ga wata. Sallah saura kwana kaɗan na je ɗaukar sa bai sauko ba. Kocin ya aiko a hau da ni. Na tarar da Abba zaune a ƙasa ya jingina da gado, waya a gefensa, labule a rufe. Sakamakon gwajin ya fito, an samu abin da aka haramta a jikinsa, an dakatar da shi har a yi bincike. Kocin ya tsare ni da ido ya ce, "Me ya ci a gidanku?" Kafin in buɗe baki Abba ya ce, "Shinkafa da dabino. Ka bar shi, direba ne."

Da muka keɓe ya ce in ɗebo kaɗan daga ƙullin in kai wa wanda ya sani. Akwai Dakta Aminu, likita ne ɗan Kano da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, yana zaune a unguwar Al Muntazah. Na kai masa a takarda. Bayan kwana biyu ya kira, ya ce kada mu hau gidansa, zai sauko. Ya shigo bayan motar da la'asar, ya rufe ƙofa, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Ya ce, "Itatuwan suna ciki. Amma an daka ƙwayoyi an zuba, iri biyu. Ɗaya mai gina tsoka ce, ita aka gani a jikin yaron nan. Ɗayar mai kashe zogi ce, ita ke sa tsohon ya ji ya warke. Wasu masu maganin haka suke yi don a ce nasu yana ci." Ya rage murya. "Ta biyun ce abin tsoro. A ƙasar nan wanda aka samu ya shigo da ita ba takardar likita, sai ya kwana a hannu, daga nan kuma jirgi. Khalas, shi ke nan. Ba mai jin cewa bai sani ba."

Na fassara wa Abba, ban rage ko kalma ba.

Da yammar ranar lauyansa ya kira daga Ingila, ina tuƙi ina ji. Ya ce akwai hanya. In aka kawo maganin, aka kawo sunan wanda ya bayar, shi kuma ya tsaya ya yi shaida a rubuce cewa shi ya shigo da shi ya ba yaron, to hukuncin zai iya komawa 'yan watanni. In ba haka ba shekara huɗu ne. Abba ya ce in an rubuta sunan, hukumar nan za ta gani? Lauyan ya ce a nan aka yi gwajin, a nan asibitin yake, ba zai iya yi masa alkawarin takarda ba za ta bi ta wani ofis ba. Abba ya ce in ba suna fa? Lauyan ya ce gari a leda ba mai shi, kowane mai laifi yana iya kawowa.

Gaba kura, baya sayaki. Na tsayar da motar a gefen titi. Na ce Abba, shekara huɗu fa! Ɗan tsere shekarunsa nawa ne gaba ɗaya? Na ce bari a gaya wa Baffa, shi ya zaɓa da kansa.

Ya ce, "In ka gaya masa me zai yi?"

Na san amsar. Zai sa rigarsa ya tafi wurin 'yan sanda da ƙafarsa kafin a sha ruwa.

Ya ce, "Mutum nawa ke ci daga tsayuwarsa?" Na fara lissafawa, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Ni na san doka, shi bai sani ba. Ni na karɓi kofin." Sannan ya ce in rantse ba zan faɗa wa Baffa ba, ba zan faɗa wa kowa a ɗakin ba. Na yi magiya, na kawo dabara iri-iri, kowacce ya nuna mini inda ta ɓule. Na je wurin Dakta, shi ma ya buɗe hannu ya ce ba shi da abin yi. Ga mu manya biyu, ɗaya da digiri ɗaya da furfura ta fara fitowa, mun zuba wa yaro ido yana haƙa ramin da zai binne kansa. Na rantse. Na riƙe rantsuwar har Baffa ya koma gida, har Allah ya karɓi abinsa bara. Shi ya sa yau nake iya faɗa.

Abu ɗaya Abba ya roƙa a daren jajibiri, bayan an sha ruwa. Ya ce in gaya wa Baffa yana son maganin duka, zai tafi da shi. Baffa ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya juye har na gwangwanin da yake ɓoyewa, bai rage ko cokali ba. A hanyar otal muka zazzage shi a kwandon shara. Abba ya ce aƙalla tsohon zai daina sha. Daga ranar Baffa ya koma tsayuwa ba komai a jikinsa, ya riƙa dawowa yana bin bango, gwiwoyinsa a kumbure. In na ce sannu sai ya ce, "Ba komai, ƙafar Abba ta fi tawa amfani." Ni kuwa in shige banɗaki in daɗe.

Ran Sallah muka je Idi tun rana ba ta yi ƙarfi ba, duk da haka kafin a sallame riguna sun manne a baya. Baffa ya ba Abba hular ubansa Musa da ya ajiye tun tafiyarsa Ingila, ta yi masa kaɗan, ya sa ta a haka. Washegari na kai shi filin jirgi, Baffa a gaba, shi a baya. Baffa ya yi ta addu'a tun daga Bin Omran: Allah ya ba ka sa'a, Allah ya sa ka fi su, Allah ya tsare ƙafar nan. Ina fassarawa, Abba na cewa amin. Da zai shiga ya durƙusa har ƙasa, wannan karon daidai, ya ce, "Na gode, Baffa." Kocin yana can gefe ya juya mana baya.

A gaban masu binciken ya ce bai san ta inda abin ya shiga jikinsa ba. Aka yanke masa shekara huɗun cif. Masu ɗaukar nauyinsa suka janye, jaridun can suka kira shi da sunan da ba nasa ba. Da wa'adin ya cika ya gwada dawowa, amma yaran da ke bayansa sun riga sun wuce. Yanzu yana koyar da motsa jiki a wata makaranta. Muna gaisawa da Sallah, Hausarsa ta ɗan ƙaru.

Amma duk wannan daga baya ne. Ranar da ta tsaya mini a rai ita ce ranar tseren zaɓen, mako biyu ko uku bayan Sallah. Baffa ya roƙi wani ya tsaya masa a bakin aiki, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi wanka ya sa kayan Sallarsa, ya sayo lemo da kuɗinsa, ya tara 'yan ɗakin har da maƙwabta 'yan Ghana. Aka jingina wayar Garba da gwangwanin madara, muka yi da'ira a tabarma, rana na dukan bangon kamar za ta shigo. Ga filin can kore shar, ga mutanensu da rigunan ruwa ana yayyafi. Samari suka fito suka jeru, kowa a layinsa, ana nuna fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya matso har hancinsa ya kusa taɓa wayar, don idonsa ya yi rauni.

Ya ce, "Ɗanlami, wanne ne namu?"

Aka nuna na ƙarshe, aka wuce.

"Ɗanlami, na ce wanne ne?"

Na ce, "Ba ya ciki, Baffa."

Aka harba bindiga, suka zuba, aka gama, wani ya zagaya da tuta. Ba wanda ya taɓa lemo. Garba ya kashe wayar. Baffa ya daɗe yana kallon baƙin gilashin, yana murza gwiwarsa da ta kumbura.

Ya ce, "Ƙafar ce ta tashi?"

Na ce, "Ita ce."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Laifina ne. Na san abin da na ba shi ba zai isa ba, ga shi ciwon ya daɗe a jiki." Ya laluba aljihu ya zaro tsohuwar wayarsa ya miƙo mini. "Idona ba ya gani. Nemo mini lambar mai maganin nan. A haɗa masa babban ƙulli, ko nawa ne zan biya, kai kuma ka san yadda za a aika masa."

Na karɓi wayar. Duk ɗakin suna kallo na, suna jira in danna.